Ranar da Aka Ƙi Share Fili

A unguwar Bayan Loko da ke Kafanchan akwai wani fili mai faɗi da ya rage tun zamanin da jirgin ƙasa ke cin gawayi. Nan ake jibge gawayin a da. Da jiragen suka ja baya, gawayi ya ƙare, fili ya zauna, ƙasarsa baƙa mai tauri, tana riƙe zafin rana har yamma. Matan unguwar ne suka gane amfaninsa. Da kaka ta yi sai su sayo ɗanyar citta daga Kachia da Kwoi, su tsaga ta da wuƙa, su baza a kan tamfol har ta bushe, sannan su sayar wa 'yan kasuwa. Gidajen Bayan Loko tsoffin kwatas ne na ma'aikata, a matse suke, babu mai tsakar gidan da zai ɗauki shanyar buhu biyu. Duk wanda ya raba matan da filin nan ya raba su da sana'ar.

Mama Keziya na cikinsu. Ta daɗe tana shugabar nas-nas a wani asibitin mishan kafin ta ajiye aiki ta kama citta kamar maƙwabtanta, kuma ba ta bar halin asibiti a asibiti ba. Ba ta iya ganin ɓawon lemo a ƙasa ta wuce. Wannan halin ne ya kusa cinye filin.

Gwamnati ta ba wani kamfani filin don ya gina rukunin shaguna, bisa sharaɗin zai yi wa unguwa wani abin amfani da mutanenta suka yarda da shi. Ciyaman na unguwa, Baba Gershon, ƙanin marigayi mijin Keziya ne, dattijon ikilisiya, mutum mai son a yi abu a ce an yi. Shi ya kawo labarin cewa injiniyan kamfanin zai zo da mutanensa su ga wurin. A tsakiyar lokacin shanya ne. Kafin ya rufe baki Keziya ta riga ta raba aiki, domin a wurinta ba a tarbar baƙo a cikin tarkace.

Aka kwashe citta kaf. Wata aka tura ƙarƙashin gado, wata aka jibge a bayan coci, wata a zauren Hajiya Binta, 'yar kasuwar da ke sayen busasshiyar citta tun kafin a haifi rabin matan. Aka share filin har ya yi kamar an lashe. Aka kafa kanofi, aka jera kujeru. Zumuntar Mata ta coci suka fito cikin zanensu iri ɗaya da tulunan kiɗa, matan gidan Hajiya suka kawo masa da kunun gyaɗa. Baƙi suka ci, suka sha, suka ɗauki hotuna, suka tafi suna yabo. Keziya ta kwana da daɗi a ranta, ta ce unguwa ta fita kunya.

Da damina ta yi nisa Injiniya Yafet, wakilin kamfanin, ya dawo da zanen ginin, ya manna a bangon makarantar firamare inda ake taron unguwa. Ga shaguna a jere, ga wurin ajiye motoci, ga kuma a kusurwar gabas wani gini da aka ce kyautar unguwa ce: zauren taro mai fanka da tayil. Maza suka tafa. Keziya ta sa tabarau, ta bi zanen daga sama har ƙasa, ta sake bi. Sannan ta tambaya, a ina za a shanya citta?

Injiniyan yaro ne mai ladabi, ya ɗan rusuna kafin ya amsa.

"Mama, wace citta?"

Ba rainin wayo yake yi ba, wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ya buɗe wayarsa ya nuna mata hotunan ranar: fili fayau, babu ko tsinke, mata na rawa a tsakiya. Ita ce ma a gaba, tana juya hankici. Ya ce abin da ya gani shi ya kai wa kamfani, kamfani kuma ya kai wa ofishin tsara gari, cewa fili ne da ba a amfani da shi, mutanen wurin kuma suna murna da aikin.

Ta yi magana a taron, ta yi ta maimaitawa a tarukan da suka biyo baya. Dattawa suka saurare ta yadda ake sauraron tsohuwar da ta yi wa rabinsu allura suna yara, sannan suka ci gaba da maganar irin fentin da za a shafa wa zaure. Gershon ya ce duk unguwar da ta san kanta tana da zauren taro. Ya gaji da hayar kanofi, ya gaji da ruwa yana dukan amarya da ango. Ya ce mata ba sa rasa dabara, za su samo wani wurin.

Kowa ya yarda cewa zaure shi ne ci gaba, domin haka aka saba faɗa. Ita kuwa Keziya ta zaga garuruwan nan sosai lokacin aikin rigakafi, daga Manchok har ƙauyukan bayan Kwoi, ta ga zaurukan da aka buɗe da kiɗa da yanka ribon. Yawanci a kulle ta same su, jemagu sun tare a silin, makulli na hannun wani da ya yi tafiya.

Wata yamma ta je gidan Hajiya Binta ta zauna a tabarma tana zayyana rashin imanin kamfani. Hajiya ta bar ta ta gama, tana tsince gyaɗa a faranti.

"Maman Asher, ni fa ban ga laifin yaron nan ba," in ji Hajiya, tana kiranta da sunan ɗanta. "Kun ɓoye kaya a ƙarƙashin gado, yanzu kuna fushi mai saye bai taya ba."

"Har a zaurenki aka ɓoye, Hajiya."

"Har da masata aka ci. Ban ce ina da gaskiya ba."

Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Hajiya ce ta gaya mata abin da ta ji daga wani ɗanta da ke Kaduna, cewa ba za a sa bulo ko ɗaya ba sai jami'ar ofishin tsara gari ta zo da kanta ta ga wurin, kuma zuwan nata zai faɗo ne bayan an fara haƙar citta. Da Keziya ta tashi tafiya ta ce ta san abin da za a yi ranar, wato ba za a yi komai ba.

Rashin yin komai ya fi kowane aiki wuya a Bayan Loko. Keziya ta bi gida gida. Duk matar da ta ji bayani sai ta gyaɗa kai, sannan ta ce amma ai ko ɗan shara za a yi. Wata ta ce to ko a bar citta a gefe ɗaya, a gyara gefe ɗaya. Wata ta tambaya ko za a sa zanen zumunta a zauna da shi a kan aikin. Keziya ta ce babu shara, babu zane, babu kiɗa, kowa ta fito da tsumman da take tsaga citta da shi kullum.

Emilia, shugabar Zumuntar Mata, ita ta fi tauri. Ta ce tun suna 'yan mata ake koya musu a coci su karɓi baƙo da hannu biyu, ba za ta tsufa ta koyi wulaƙanta mutane ba. Me za a ce da su a gari?

"A cocin nan dai aka hana mu shaidar ƙarya," in ji Keziya. "Bara mun ɗauki tsintsiya mun yi wa filin nan shaidar ƙarya, ni ce kuma na riƙe babbar tsintsiyar. Ban ce ki zagi kowa ba, Emilia. Ki gaishe su da kyau. Amma wuƙarki kada ta tsaya."

Emilia ta ce za ta yi addu'a a kai. Da ranar ta matso sai aka ga ta yi odar ɗanyar citta fiye da yadda ta saba.

Shekarar kuwa ta zo da albarka. Bayan cutar da ta ruɓar da citta a gonaki a shekarun baya, har wasu matan suka koma sayar da itace, bana kaya ya samu. Ranar da baƙi za su zo, kafin rana ta ɗaga, filin ya rufe daga bakin titi har tsohon layin dogo. Tamfol na taɓa tamfol, ba a bar komai ba sai 'yan siraran hanyoyi da mutum ɗaya zai bi. Mata sun zauna rukuni rukuni a kan kujerun tsugunno, wuƙaƙe na aiki, yaji ya cika iska.

Gershon ya iso da motar masu kanofi a bayansa, yana sanye da babbar rigarsa ta ranar Kirsimeti. Ya tsaya a bakin fili kamar wanda ya ɓata hanya. An gaya masa, amma bai ɗauka da gaske ake ba. Ya hango Keziya, ya bi siririyar hanya yana tattare riga har ya kai gare ta.

"Matar yaya, wane irin abu ne wannan? A ina zan sa kanofi?"

"Ka sa a kanka, Ciyaman, rana yana da zafi."

"Za ki kashe ni da kunya a gaban mutanen Kaduna."

"Da kunya yana kisa, da yayanka bai kai ya aure ni ba. Zauna, ga buhu."

Bai zauna ba. Ya roƙa, ya yi faɗa, ya ambaci sunan fasto da na limamin unguwa. Ya juya wurin matarsa Hellen, wadda ke tsaga citta a rukuni na gaba, ya ce ta tashi ta kwashe nata ko sauran za su bi. Hellen ta gaishe shi da ladabi kamar ba tare suka karya kumallo ba, ta ci gaba da aikinta.

Motocin baƙi suka iso, suka rasa mashiga, suka tsaya a bakin titi. Injiniya Yafet ya fito, ya buɗe wa jami'ar ƙofa. Madam Amatullahi sunanta, doguwar mace mai tabarau, da alama ta ga filaye da yawa kuma an sha yi mata rawa a kansu. Suka biyo hanya ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin su yi nisa atishawa ta kama na bayansu. Duk rukunin da suka wuce sai mata su ce sannunku da zuwa, ya hanya, ya iyali, hannuwansu ba su tsaya ba.

Keziya na kallonsu suna tahowa. Baƙuwa ce, mace babba, a tsaye cikin rana, babu kujera, babu inuwa. Duk tarbiyyar da aka yi mata tana ce mata tashi ki gyara. Sai da ta danne gwiwarta da hannu. Abu ɗaya ta kasa hanawa, ta sa aka kawo ruwa mai sanyi a kofi mai tsabta. Jami'ar ta karɓa ta sha, ta dubi buhun da ke kusa, ta kakkaɓe shi da kanta ta zauna.

Ta tambaya tun yaushe ake shanya a nan, Keziya ta ce tun kafin a ɗauke ta aikin nas. Ta tambaya gidaje nawa ke ci daga filin, Keziya ta ce ga su nan a zaune, ta duba da idonta, waɗanda ba su fito ba marasa lafiya ne. Jami'ar ta juya ta kalli injiniya. Fuskarsa ta riga ta canza.

"Mama, kun mai da ni maƙaryaci a gaban ofis."

"Ba kai ka yi ƙarya ba, ɗana, mu muka yi maka. Mun ga baƙo mun ruɗe. Yau ka ga gidan yadda yake."

Madam Amatullahi ta ce ita ba ta zo raba laifi ba. Abin da ta sani shi ne an gaya wa ofishinta fili ne na banza, ita kuma tana zaune a kan buhun citta, don haka ba za ta amince da zanen yadda yake ba. Ba ta kuma son aikin ya mutu, garin na buƙatar shagunan. Tunda kowa na nan, a yi maganar a nan.

Aka yi ta, a cikin rana, ana atishawa. Yafet ya fara da cewa mata su riƙa shanya a wurin ajiye motoci in babu cunkoso. Hajiya Binta, wadda ta sa aka kawo mata kujera tun da safe ta zauna kamar mai jiran ciniki, ta ce cittar da ta sha baƙin mai da hayaƙin mota ko kyauta ba za ta ɗauka ba, masu saye daga waje da hanci suke fara ciniki. Ya ce to a zuba rufin shagunan da kankare, a yi matakala, a shanya a sama. Keziya ta nuna masa Mama Zipora, wadda sai an kama ta take tashi daga kujera, ta ce ya ɗauki buhu ɗaya ya hau matakalar coci ya sauko, in ya dawo sai a ci gaba da maganar. Mata suka yi dariya, shi ma bai iya riƙe tasa ba.

Daga nan ya daina zagaye. Ya shimfiɗa zanen a kan buhu, ya ce fili ba ya miƙewa. Shaguna ba za su ragu ba, don da su kamfani zai mai da abin da ya kashe. Abin da zai iya saki shi ne kusurwar gabas inda aka sa zaure, da kusan rabin wurin motoci. In aka haɗa su za a sami wurin shanya, bai kai na yanzu ba, amma in aka yi masa daɓen siminti citta za ta fi saurin bushewa, a kwashe a zuba wata. Sai dai ba za a sami zaure da daɓe a wuri ɗaya ba. Unguwa ta zaɓa.

Duk ido ya koma kan Gershon. Gumi ya jiƙa wuyan babbar riga. Keziya ta san shi tun yana saurayi mai kawo wa yayansa saƙo, ta san zauren nan ba don cikinsa yake so ba. So yake ya bar wani abu a tsaye da za a ce a zamaninsa aka yi. Ta kuma san in aka kayar da shi a gaban baƙi, zai yi shekara yana neman hanyar ɓata abin. Sai ta sassauta murya ta ce tana da tambaya ga Ciyaman, shi da ya san harkar taro. In aka yi doguwar rumfa ta kwano a gefen daɓen, inda mata za su zauna tsaga, a kuma ja kaya ciki in hadari ya taso, shin bayan lokacin citta rumfar da daɓen za su ɗauki taron biki ko zaman makoki?

Gershon ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce rumfa ba zaure ba ce. Ba wanda ya musa masa. Ya kalli Hellen, ita kuwa cittarta take kallo. Can ya gyara murya ya ce in za a yi, to a yi ta da faɗi, a ja wuta, a kuma ɗaga wani dandamali a ƙarshenta inda dattawa da manyan baƙi za su zauna, don ba zai yarda a jera fasto da liman a ƙasa ɗaya da masu rabon abinci ba. Yafet ya ce wannan mai sauƙi ne. Emilia ta ƙara da famfo da makewayi. Wata ta ce a yi gajeren bango saboda awaki.

An ɗauka an gama, sai Hajiya Binta ta ɗaga hannu.

"Daɓen za a fara yi, kafin shago ko ɗaya. Na daɗe a kasuwa, Injiniya. Wanda ya riga ya karɓi nasa ba ya saurin dawowa."

Yafet ya ce sai ya tambayi manyansa. Madam Amatullahi ta ce ya gaya musu da wannan sharaɗin ne za ta sa hannu, kuma za a karanta yarjejeniyar a coci da masallaci kowa ya ji. Da jami'ar ta miƙe, sai Emilia ta kasa haƙuri. Ta ajiye wuƙa ta ɗauko waƙar godiya, mata suka amsa daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, a zaune, cikin tsummokaransu, babu tulu babu zane. Keziya ta buɗe baki za ta hana, sai ta ji ita ma tana amshi.

Kamfani ya ja ƙafa kamar yadda kamfanoni suka saba. Sau da yawa Keziya da Hajiya suka hau mota zuwa Kaduna suka zauna a bencin ofis. Abin mamaki, wanda ya fi kowa zafi a kan maganar shi ne Gershon, wanda ya koma kwana da tashi a wurin aikin yana auna faɗin rumfa da sandarsa, yana gaya wa duk mai wucewa yadda ya matsa wa mutanen Kaduna lamba har suka sauko. Keziya ba ta taɓa gyara masa labarin ba.

Kafin kaka ta zagayo an gama daɓen, shagunan kuwa ko saman taga ba su kai ba. Safiyar da aka buɗe shi, rigima ta kaure tsakanin mata a kan wa zai shanya a ina. Emilia ta ce a bi shekaru, matan gidan Hajiya suka ce a bi wanda ya riga zuwa, Hellen ta ce ai matar Ciyaman ba a tura ta kusa da makewayi. Murya ta yi sama har leburori suka ajiye aiki suna kallo. A ƙarshe aka ce a nemo Mama Keziya ta raba.

Aka same ta a can gefen da rana ke fara sauka ta kuma fi daɗewa, nesa da inuwar rumfa, kusa da famfo. Ta riga ta baza buhunanta tun da sassafe, ta zauna a kujerarta tana shan kunu. Ta saurari kowa har ƙarshe, sannan ta ce ita tsohuwa ce, ba ta iya shari'a ba. Wuri nasu ne, su je su daidaita.